Yadda Ake Bibiyar Rayuwar Ƙasan Ruwa da Hoto, Daga Duwatsun Murjani na Teku Zuwa Madatsun Ruwanmu

Duk wanda ya zauna da masunta a bakin dam ɗin Tiga, ko a ƙauyukan fadamar Haɗeja, zai ji magana ɗaya tana ta dawowa, wato ruwa ya canja. Wani ya ce laka ta cike gurbin da a da sandar tuƙi ba ta taɓa ƙasansa, wani ya ce kacalla ta cinye wuraren da karfasa ke haƙa gidajenta, wani kuma ya musa, ya ce tun yana yaro haka wurin yake. Mai yiwuwa duk suna da gaskiya, sai dai babu wanda zai iya faɗin girman canjin ko shekarar da ya fara, domin ƙasan ruwa ba wurin da ido ke kaiwa kullum ba ne, kuma abin da aka riƙe da ka kaɗai ba ya rasa ƙari ko ragi. Masu nazarin teku sun daɗe da cin karo da wannan matsala a kan duwatsun murjani, kuma hanyar da suka bi suka warware ta ba ta fi ƙarfin malamin kimiyya na sakandaren ƙauye ko ƙungiyar masunta ba, muddin an fahimci abin da ke riƙe da ita.

Murjani dai ba dutse ba ne tun asali. Wasu ƙananan dabbobi ne da ke zaune dubbai a manne da juna, kowace tana gina wa kanta mazauni mai tauri da sinadari irin na ƙwanson katantanwa, har a cikin dubban shekaru ginin ya taru ya zama tudu a ƙasan teku. Waɗannan tuddai ba su kai kashi 1 cikin 100 na faɗin ƙasan teku ba, amma kusan kashi 25 cikin 100 na nau'o'in halittun teku suna dogara da su. A cikin jikin dabbobin akwai wasu ƙwayoyin tsiro 'yan mitsi-mitsi da ke ba su abinci da launi, kuma idan zafin ruwa ya haura abin da suka saba da shi da kimanin digiri 1 na tsawon makonni, sai su fitar da ƙwayoyin, murjanin ya koɗe ya yi fari fat, idan zafin ya daɗe kuma ya mutu. Hakan ya faru a faɗin duniya a 1998 da 2010, ya sake faruwa daga 2014 zuwa 2017, sannan a watan Afrilun 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta tabbatar da karo na huɗu. An san yawan abin da aka rasa a wurare da dama ne saboda akwai hotunan wuraren tun kafin ɓarnar.

Misali biyu sun isa su nuna yadda aikin yake. A Flower Garden Banks, wasu tuddan murjani da ke Mashigin Tekun Meksiko, sama da kilomita 150 daga gaɓar Amurka, tun ƙarshen shekarun 1980 aka kafa ƙusoshin ƙarfe masu lamba a jikin dutsen. Mai nutso yakan koma kan kowace ƙusa da kyamara da aka ɗaura a kan sanda mai tsayi ƙayyadadde, da kamfas da ma'aunin daidaito a jikinta, ya fuskantar da ita arewa, ya ɗauki wurin da aka ɗauka bara. A Ostareliya kuwa, inda babban shingen murjani ya kai tsawon kilomita 2,300, cibiyar nazarin teku ta ƙasar tana shimfiɗa tef mai mita 50 tsakanin rodunan da aka kafa a zurfin mita 6 zuwa 9, ana ɗaukar hoto kusan kowace mita. Kyamarorin da aka fara aikin da su yanzu wayar hannu ta fi su, amma hotunan suna da daraja har gobe, saboda wuri ɗaya ake ɗauka, daga nisa ɗaya, a lokaci ɗaya na shekara. Aikin ya yi kama da katin awon yara a asibiti: awo ɗaya ba ya gaya wa uwa komai, sai an jera na wata da watanni a kan sikeli ɗaya sannan a ga ko yaro yana gaba ko yana baya.

Abin da za a fara yi tun kafin a taɓa kyamara

Matakin farko shi ne a rubuta tambayar da ake son amsawa a jimla ɗaya. Ko ciyawar ruwa tana ƙaruwa a wannan lungu, ko laka tana rufe yashi a bakin rafin da ke shigowa dam, ko katantanwa sun fi yawa a mashayar dabbobi fiye da inda ba a zuwa. Tambayar ce za ta nuna inda za a kafa tasha, wato ƙayyadadden wurin da za a riƙa komawa ɗaukar hoto duk shekara, da abin da za a ƙirga, kuma wanda ya tsallake wannan mataki yakan tara hotuna masu kyau da ba su amsa komai ba.

Daga nan sai neman izini, kuma ina ba da shawarar kada a raina shi. Tiga, wadda aka kammala a 1974, da Challawa da ke Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, suna ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, kuma ba a zuwa kusa da bangon dam ko ƙofofin sakin ruwa da kyamara ba tare da sanin ma'aikata ba, ban da ma haɗarin jan ruwa da ke wurin. A ƙauye kuma akwai mai unguwa da sarkin ruwa. A je a gaishe su yadda ya kamata, a yi bayani a fili, misali a ce, “Ranka ya daɗe, ba kifi muka zo kamawa ba, kuma ba hana kowa su za mu yi ba, ƙasan ruwan muke so mu riƙa dubawa duk shekara.” Wannan gaisuwa ita ce za ta hana a tumɓuke alamomin da za a kafa, kuma a wajen sarkin ruwa ne za a ji inda kada yake, da inda ƙasa ke zurmawa, da watan da ruwan wurin ya fi kwantawa.

Sai auna hasken ruwa, wanda a wajenmu shi ne ke yanke hukunci a kan sauran aikin duka. A kan duwatsun murjani mai nutso yakan hango abu daga mita 20 ko fiye, mu kuwa ruwanmu yana ɗauke da jar ƙasa da yumɓu, har wani lokaci mutum ba ya ganin tafin hannunsa idan ya nutsar da shi zuwa gwiwar hannu. Ana auna wannan da faifai mai faɗin santimita 20 da aka raba gida huɗu, biyu fari biyu baƙi, aka ɗaura masa nauyi a ƙasa da igiya mai alamar santimita. Asalinsa na wani masani ne ɗan Italiya, Angelo Secchi, wanda ya gwada shi a 1865, kuma murfin bokitin fenti ya isa a yi shi. A sauke shi a gefen inuwar kwale-kwale har ya ɓace, a rubuta zurfin, a jawo shi a hankali har ya sake bayyana, a rubuta, sannan a ɗauki tsakiyar lambobin biyu. Nisan kyamara daga ƙasa bai kamata ya wuce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na wannan awo ba. Da damina ba a ma fara maganar hoto. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, sa'ad da rafuka suka daina zubo laka, kuma a zaɓi ranar da iskar hunturu ba ta kaɗa ruwan.

Haɗa firam da kafa tasha

Firam shi ne zuciyar kayan aikin, kuma mai aikin famfo na kasuwar ƙauye zai iya haɗa shi da bututun roba da gwiwoyinsa. A yi murabba'i mai santimita 50 a kowane gefe, wanda faɗinsa ya zama rubu'in murabba'in mita, a tayar da ƙafafu daga kusurwoyinsa su haɗu a sama inda za a ɗaure kyamara tana kallon ƙasa sak. A huda bututun a wurare da yawa domin iska ta fita ya nutse, ko a cika na ƙasan da yashi. A zagaya gefe ɗaya da baƙin salatif duk bayan santimita 10, saboda kowane hoto ya fito da ma'auninsa a ciki, sannan a manna ɗan farin faranti na roba a kusurwa ɗaya inda za a riƙa rubuta lambar tasha da fensir, wanda ruwa ba ya wanke shi. Farin farantin yana da wani amfani kuma: ruwa yana shanye jan launi kafin sauran launuka, har a zurfin kimanin mita 5 ja ya kusa ɓacewa, to da farin ne za a daidaita launin hoton daga baya.

Tsayin ƙafafun ba a yanke shi da lissafin tudu. Haske yana karyewa idan ya ratsa daga ruwa zuwa gilashin kyamara, abu ya ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, abin da kyamara ke iya ɗauka kuma ya ragu, saboda haka firam ɗin da ya shiga hoto cif a tsakar gida zai fito da gefunansa a yanke a cikin ruwa. A gwada shi a randa babba ko a kwalbatin ban-ruwa, a ƙara tsayi har kusurwoyi huɗun su bayyana, sannan a sa gam a daskarar da shi. Daga ranar ba a sake taɓa tsayin.

Game da kyamara, ƙananan nan na 'yan wasanni irin su GoPro sun fi sauƙi, domin na zamani suna jure zurfin mita 10 ba tare da gida ba, kuma ana iya saita su su riƙa ɗauka da kansu duk bayan daƙiƙa biyu. Aibinsu shi ne abin da ya matso ƙasa da kimanin santimita 30 yakan fito dishi-dishi. Waya a cikin jakar roba mai hana ruwa ita ma tana yi a wuri mara zurfi, sai dai fuskarta ba ta jin yatsa a cikin ruwa, don haka a yi amfani da maɓallin ƙara sauti ko a kunna bidiyo tun daga sama. Kafin a amince da kowace jaka a sa takarda a ciki a nutsar da ita na rabin sa'a a gani.

Idan ruwan ya yi duhun da ko santimita 30 ba a gani, akwai dabarar da masu aiki a tashoshin jiragen ruwa da bakin koguna ke amfani da ita, kuma a ganina ita ce ta fi dacewa da yawancin ruwayenmu. A sami akwatin roba ko na gilashi mai garau, a cika shi da ruwan rijiya mai tsabta har ba sauran iska, a rufe, a ɗaure kyamara a samansa tana kallon ƙasa ta cikinsa. Idan aka ɗora gindin akwatin a kan ƙasan ruwa, gurɓataccen ruwan da ke tsakani bai wuce kaurin yatsa ba, sauran tazarar duk ruwa ne mai haske. Wurin da zai ɗauka ƙarami ne, watakila santimita 25 a kowane gefe, sai a rama da yawan hotuna.

Tasha kuwa layi ce mai farko da ƙarshe. A zaɓi aƙalla wurare uku, kuma ɗaya daga ciki ya zama inda abin da ake zargi bai taɓa ba, domin a sami abin kwatantawa. A kowane wuri a shimfiɗa igiya mai mita 20 a bi gaɓa da ita a zurfi ɗaya, an ƙulla mata alama a kowace mita. A teku rodi ake kafawa, amma a nan rodi zai yaga koma ya kuma soki ƙafar mai wanka, don haka bulo na siminti da aka rubuta wa lamba tun yana ɗanye ya fi, a kwantar da shi a kowane ƙarshen layi. A ɗauki lambobin wurin da waya, tare da sanin cewa wayar tana iya kuskure da 'yan mitoci, sannan a ƙara da dabarar masunta ta jera alamomi biyu na tudu, kamar a ce inda giginya ta rufe hasumiyar masallaci, a ɗauki hoton wannan jerin a ajiye.

Ranar ɗauka

A fita tsakanin hantsi da azahar, lokacin da rana ke tsaye haskenta yana ratsa ruwa sosai. Mutum uku ne daidai: mai riƙe firam, mai rubutu, da matuƙi ko mai lura daga gaɓa. Ba na ba kowa shawarar nutso. Masu aikin teku suna da horo da tukwanen iska, kuma ba sa shiga su kaɗai, mu kuwa duk abin da muke nema yana cikin mita biyu na farko, inda haske ke kaiwa tsiro ke fitowa, kuma ana iya sauke firam da sanda ko igiya daga kwale-kwale. Kowa ya sa rigar kariya, kada a cika jirgi, domin hatsarin da ya auku a ruwan Bagwai a ƙarshen 2021 bai kamata a manta da shi ba. Mai shiga da ƙafa ya sa dogon takalmin roba da safar hannu, saboda ruwa mai kwanciya da ciyawa shi ne mazaunin katantanwar da ke yaɗa tsargiya, kuma wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan irin wannan aiki ya je asibiti, maganinta sananne ne.

Kafin hoton farko a rubuta kwanan wata, da lokaci, da awon faifai, da zurfin ruwa a kan bulo, da yanayin iska. Sannan a fara daga ƙarshen da ruwa ke gangarawa a nufi inda yake fitowa, domin ƙurar da aka tayar ta koma baya. A riƙa ajiye firam a gefe ɗaya na igiya kullum, mai tafiya kuma ya bi ɗaya gefen, kada ya taka abin da zai ɗauka. A sauke shi a hankali daidai kan alamar mita, a jira laka ta kwanta, a bar kyamara ta ɗauki uku ko huɗu, sannan a ɗaga.

Akwai jarabar da kusan kowa ke faɗawa a nan, wato ya ga wani kyakkyawan kumburin ciyawa ko gidan karfasa ɗan nesa da alama, sai ya matsar da firam kansa. Wanda ya yi haka ya daina awo ya koma zaɓe, kuma lissafinsa zai nuna rayuwa fiye da yadda take. Inda alama ta faɗa nan ake ɗauka, ko da laka ce zalla. Abin sha'awar da aka gani a gefe a ɗauke shi daban a rubuta cewa ba ya cikin lissafi. Kada kuma a kunna fitilar kyamara, domin haskenta zai bugi ƙurar da ke yawo a gaban gilashi hoton ya cika da fararen ɗigo. Idan dole sai an ƙara haske, a ɗaure tocila mai jure ruwa a ƙafar firam tana haskowa daga gefe.

Mayar da hoto lamba

A daren ranar a kwashe hotunan, a zaɓi mafi kyau ɗaya a kowace mita, a sa masa suna mai ɗauke da wuri da layi da mita da kwanan wata, a ajiye a wuri biyu. Daga nan sai ƙirga. Hanyar da masu nazarin murjani ke bi ita ce a watsa ɗigo a kan hoto, a dubi abin da ke ƙarƙashin kowane ɗigo kaɗai, a rubuta. Suna da manhajoji na wannan aiki, kamar CPCe da aka fitar a 2006, da CoralNet ta Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego wadda kwamfuta ke koyon gane halittun da kanta, amma wanda ba shi da su ya sami farar leda mai kauri, ya ɗiga mata ɗigo 25 a layi biyar-biyar, ya ɗora a kan fuskar kwamfuta ko a kan hoton da aka buga.

Tun kafin a fara a tsayar da rukunan da za a yi amfani da su, kuma kada su yi yawa: yashi, laka, tsakuwa ko dutse, ciyawa mai saiwa, gansakuka, ruɓaɓɓen ganye da itace, ƙwanso, shara irin su leda da tsohuwar koma, sai kuma rukunin abin da ba a gane ba, wanda ya fi a cika shi da a yi ƙage. Layi mai hotuna 20 zai ba da ɗigo 500. Idan, a misali, 150 daga ciki sun faɗa kan ciyawa, to ciyawa ta rufe kashi 30 cikin 100 na wannan layi. Abubuwan da ke ɗaiɗaiku, kamar katantanwa ko gidan karfasa, wanda ake gane shi da ramin nan mai zagaye da namiji ke sharewa a cikin yashi, ba a bin su da ɗigo, ƙirga su ake yi ɗaya bayan ɗaya a cikin firam, a ninka da huɗu a sami na murabba'in mita. Yana da kyau mutum biyu su ƙirga hotuna goma iri ɗaya kowa shi kaɗai, sannan su kwatanta, domin sau da yawa abin da ɗaya ya kira laka ɗayan gansakuka ya gani, kuma gara a sasanta wannan tun a shekarar farko, a ajiye hoton misali na kowane rukuni.

Hoto yana da iyakarsa. Saman ƙasa kaɗai yake nunawa, tsutsotsi da 'ya'yan ƙwarin da ke cikin laka, waɗanda su ne abincin tarwaɗa da kurungu, ba sa fitowa, kifi kuma yakan gudu kafin firam ya sauka. Mai son ganin kifi sai ya ajiye kyamara a wuri ɗaya tana ɗaukar bidiyo, da ɗan abinci a gabanta, ya janye na wani lokaci.

Wajen fassara sakamako ne dam ya bambanta da teku ƙwarai. Ruwan Tiga ana sakinsa domin noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, saboda haka bulon da ke zurfin mita ɗaya a Disamba yana iya zama a kan busasshiyar ƙasa a Mayu, a fadamar Haɗeja kuma ambaliyar kowace shekara ce ke yanke inda ruwa zai tsaya. Don haka Disamba da Disamba ake kwatantawa, tare da duba zurfin da aka rubuta, kuma idan aka tarar da tasha ta bushe a ɗauke ta a haka, domin bushewar ma labari ce. Kada a yi saurin shelar canji: tashi daga kashi 30 zuwa 33 yana iya zama bambancin inda firam ya sauka kawai. Abin da za a ɗauka da muhimmanci shi ne canjin da ya bayyana a yawancin layuka, ya nufi gefe ɗaya shekara uku ko fiye, alhali tashar kwatance ba ta motsa ba. A rubuta dukan tsarin, da tsayin firam da sunan kyamara da jerin rukunai, a littafi ɗaya da zai zauna a makaranta ko a hannun sakataren ƙungiya, a kai kwafin lambobin ga sarkin ruwa da sashen kula da kifi na ƙaramar hukuma, sannan a sa ranar komawa a makon da ya yi daidai da na bana.